Kwamfuta a ɗakin likitan haƙori: aiki take yi ko ado ce?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Mahaifiyata tana ƙauye wajen Rano, ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda ciwon haƙori. Ƙanena ya ɗauko hoton bakinta da waya, na tura wa wani likitan haƙori ta WhatsApp don ya rubuta mana magani, ya ce sam sai an kawo ta. Da muka kawo ta, na ga wurin duk kwamfutoci, aka sa mata wani abu a baki hoto ya fito a allo, kuɗin kuma ya fi na inda na saba zuwa. Shin kwamfutar nan tana ƙara wani abu a aikin, ko hanyar ƙara kuɗi ce kawai? Kuma in har intanet tana da amfani, me ya hana a duba mutum ta waya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya. Tambayoyinka biyu ne, kuma da ta biyun zan fara, don na ga alamar ita ta fi ci maka rai.

Likitan nan bai wulaƙanta ka ba. Da ni ka turo wa hoton, amsar da za ka samu ke nan.

Ciwon haƙori a ciki yake. Duk taurin nan na haƙori, a tsakiyarsa akwai ɗan rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, kuma daga can zugin yake tasowa. Kyamarar waya bayan haƙori kaɗai take gani, shi ma inda haske ya kai. Sau da yawa kogon da ke hana mutum barci yana maƙale ne a tsakanin turame biyu, daidai inda suke gogar juna, ta sama kuwa fes kamar babu komai. Ga kuma abin da ba kowa ya sani ba: shi kansa mai ciwon yakan ɓata haƙorin. Mutum zai ɗora yatsa a kan na sama yana rantsuwa shi ne, ka bincika ka tarar na ƙasa ne ya ruɓe. Dalili kuwa, babbar jijiya guda ce take raba rassa zuwa sama da ƙasa a kowane ɓarin fuska, idan zafi ya tsananta sai mutum ya kasa tantance ta wane reshe yake fitowa. Shi ya sa idan mara lafiya ya hau kujera ba kallo kawai muke yi ba. Mukan ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ƙotar madubi, mu ga wanne zai sa ya zabura. Mukan ɗora auduga mai sanyi ƙarara mu ji ko jijiyar na da rai, da tsawon lokacin da zafin ke ɗauka kafin ya lafa. Mukan zura siririn ƙarfe tsakanin dasashi da haƙori mu auna zurfin da ya buɗe, sannan mu lalubi ƙasan muƙamuƙi ko akwai kaluluwa. Duk cikinsu babu guda da zai bi ta WhatsApp.

Sannan Hajiya dattijuwa ce. Kafin na rubuta mata ko da maganin kashe zafi, sai na san ko tana da hawan jini, ko ciwon suga, ko gyambon ciki, ko matsalar ƙoda, da kuma magungunan da take sha. Diklofenak da ibuprofen da ake saya a kemis kamar gyaɗa, su ne suke fama wa mai gyambon ciki ciwonsa, suna kuma wahalar da ƙodar tsofaffi. Amoksilin da Flagyl kuwa, waɗanda mutane suka ɗauka su ne maganin haƙori, ba sa warkar da ruɓaɓɓen haƙori. Magani ta jini yake tafiya, jijiyar da ta mutu kuma jini ya daina shiga cikinta, don haka ƙwayoyin cuta suna zaune a ramin nan lafiya lau, maganin yana wucewa ta waje. Kumburi zai ɗan saɓe, a ce an samu sauƙi, bayan wata biyu ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ke kawo ƙarshen ciwon hannu ne: ko a buɗe haƙorin a wanke ramin jijiyar a cike, ko a cire shi.

Amma kada ka ɗauka hoton da ƙanenka ya ɗauko aikin banza ne. Yana da aikinsa, kuma babban aiki. Hoto da kiran waya ba za su faɗa mini mene ne ciwon ba, amma za su faɗa mini ko a kawo mutum yanzu-yanzu, ko da safe, ko kuma zai iya jira zuwa ranar kasuwa. Ga mutanenmu na Doguwa ko Tudun Wada ko Sumaila, da zuwa Kano ke nufin kuɗin mota na mutum biyu da asarar yini guda a gona, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani dare bayan sallar isha'i wata ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti na karkara ta turo mini hoton wani magidanci. Bakin ma bai fito sosai ba, amma na ga ƙasan haɓarsa ya cika tim ta ɓangarorin biyu, wuyan riga ya matse shi. Na kira ta na ce ta gwada yatsu nawa ke shiga tsakanin haƙoransa. Ta ce ɗaya, da ƙyar. Na ce yana haɗiye yawu? Ta ce a'a, zuba yake yi, kuma ya ƙi kwanciya, sai dai ya zauna ya turo kai gaba. Na ce kada su jira gari ya waye, su nemi mota a daren. Wannan kumburi ne da ke tasowa daga turmin ƙasa ya bazu ƙarƙashin harshe, ya tura harshen sama da baya har ya toshe numfashi. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya yi bayaninsa a 1836, har yau da sunansa muke kiransa, kuma har yau yana kisa. Mutumin nan ya iso, aka tsaga aka fitar da mugunya, aka cire haƙorin, ya tashi. Wayar ba ta yi masa magani ba, amma ita ta hana a bar shi sai da safe.

Haka idan yaro ya faɗi daga keke ko a wajen ƙwallo, haƙorin gaba ya fita ɗungurungum da saiwarsa. In na girma ne, ba na nono ba, ana iya mayar da shi ya kama, amma awa ɗaya ta farko ita ce komai. A waya zan ce wa uban ya riƙe shi ta kai, kada ya taɓa saiwar, kada ya goge ta da tsumma, ya jefa shi cikin madara ya taho. Magana ce ta minti ɗaya, tana ceton haƙorin da yaro zai yi shekara sittin yana murmushi da shi.

Inda kuma na fi sa rai da waya shi ne cutar noma, wadda ke cinye fuskar ƙananan yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa ko suka tashi daga ƙyanda. Da ɗan gyambo a dasashi take farawa, da warin baki mai tsanani, cikin 'yan kwanaki kunci ya huje. A matakin farko magani mai sauƙi da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. In aka bar ta, mafi yawan yaran ba sa rayuwa, waɗanda suka rayu kuma sai aikin gyaran fuska. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disambar 2023. Ma'aikacin lafiya a ƙauye da ya san ya ɗaga leɓen yaro ya ɗauki hoto ya tura wa likitan haƙori, ya yi abin da wata na'ura mai tsada a birni ba za ta yi ba. Mun ɗanɗana wannan hanya sosai a 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona. Injin da muke fafe haƙori da shi yana fesa ruwa da yawu a iska, don haka dole muka rage aiki, muka koma tantance mutane ta waya: wane ne zai zo, wane ne zai iya haƙuri.

To, bari mu koma ga abin da aka sa wa Hajiya a baki. Hoton eksire ne aka ɗauka, sai dai maimakon fim, an yi amfani da wani ɗan faranti mai igiyar waya da ke kai hoton kai tsaye cikin kwamfuta. Shi kansa hasken eksiren tsoho ne. Wani masanin kimiyya mai suna Röntgen ne ya gano shi a Jamus a ƙarshen 1895, kuma 'yan makonni bayan haka wani likitan haƙori, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa da shi, ya yi minti 25 hasken yana dukansa kafin hoton ya kama. Wanda ya haɗa hoton haƙorin da kwamfuta Bafaranshe ne, Francis Mouyen, na'urarsa ta shiga kasuwa a 1987.

Na yi aiki da fim shekaru, don haka na san bambancin da hannuna. Za ka ɗauki hoto, a kai shi ɗakin duhu ko wani ɗan akwati, a tsoma a ruwan wanki na farko, a ɗauraye, a tsoma a na biyu, a jira ya bushe. Ruwan wankin nan yana da saurin lalacewa, kuma zafi da sanyi suna sauya aikinsa: a zafin Afrilu hoto ya fito baƙi ƙirin, da hunturu ya fito fari fat. In bai yi kyau ba a sake kiran mara lafiya, a sake haska shi. Wanda ya yi kyau kuma girmansa bai wuce akwatin ashana ba, ka ɗaga shi wajen taga kana ƙanƙance ido. Yanzu cikin daƙiƙu kaɗan hoton ya cika allo. Ina iya faɗaɗa shi, in ƙara masa haske ko duhu, in auna tsawon saiwa da milimita. A aikin kashe jijiya, inda dole a wanke ramin har ƙarshen saiwa ba tare da an zarce ba, wannan awo shi ne aikin. Hasken da ake buƙata ma ya ragu a kan na tsohon fim. Ƙaramin hoton haƙori guda bai wuce kwatankwacin abin da jikin mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a kwana ɗaya ko biyu ba.

Amma ni abin da ya fi ƙayatar da ni ba saurin ba ne. A da likita shi kaɗai yake gani, mara lafiya sai dai ya yarda ko ya ƙi. Yanzu da allon da kuma 'yar kyamarar nan mai kamar alƙalami da ke shiga baki, ido huɗu ke kallon haƙori. Na tuna wata baiwar Allah daga Kurna da ta zo da tabbacin tsutsa ce ke cin haƙorinta, har an taɓa yi mata turare an nuna mata wasu farare-farare a ruwa an ce su ne suka fito. Ban yi gardama da ita ba. Na sa kyamarar, turmin ya fito a allo kamar girman kwano, ga ramin baƙi, ga guntun abinci a ciki, ga dasashi ja a gefe. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Likita, wannan a bakina yake?" Na nuna mata hoton eksiren, inda duhun ya gangara ya kusa taɓa jijiya, na ce ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukari suna fitar da tsami, tsamin yana narkar da haƙori. Ranar aka cike haƙorin, mako na gaba ta kawo 'ya'yanta uku a duba su. Gani ya kori ji. Kai ma ka ga hoton Hajiya a allo, kuma haƙƙinka ne a tsaya a yi maka bayaninsa.

Hoton ma yana da iyaka. Inuwa ce ta abu mai kauri a kan shafi, don haka wani abu yana ɓoye bayan wani. Kogo sabon farawa ba ya fitowa sai ɓarna ta ɗan yi nisa, kuma tsagewar haƙori sau da yawa ba ta fitowa sam. Akwai kuma wani haɗari da sauƙin ya kawo: tunda danna maɓalli ne kawai, wasu sukan yawaita ɗauka ba gaira ba dalili. Kowane hoto ya kamata a ce akwai tambayar da yake amsawa.

Wani aikin kwamfuta da ba ya ɗaukar ido, amma a wurina ya kusa fin sauran, shi ne ajiyar bayanai. Duk wanda ya taɓa bin layin kati ya san zancen "ba a ga fayil ɗinka ba". A buɗe sabo, tarihin shekara biyar ya tafi. A garin da mutum ɗari za su iya haɗa suna da sunan uba, sau nawa ake ɗauko fayil ɗin wani a ba wani? A kwamfuta, da lambar waya ko lambar kati, sai ga komai: wane haƙori aka cike, yaushe, da me, ga hotunan bara a jera su da na bana a ga ko ƙashin da ke riƙe da haƙora yana zaizayewa. Kowane haƙori cikin 32 na babba yana da lambarsa, misali 36 shi ne turmin farko na ƙasa ta hagu, don haka likita a Kano ya rubuta, na Legas ko na Alƙahira ya karanta ya gane ba tare da kuskure ba. Mafi muhimmanci, idan mutum yana da sikila, ko yana shan maganin tsinka jini, ko penisilin ya taɓa tayar masa da borin jini, gargaɗi zai fito a allo tun kafin a ɗauki allura. Ga kuma saƙon tunatarwa da ke shiga waya. Mutanenmu da zarar zafi ya tafi sun tafi, a bar aikin jijiya rabi da cikon wucin gadi, sai bayan shekara a dawo haƙorin ya dare biyu. Ɗan saƙon nan yana dawo da mutane da yawa.

Sai dai a nan ne kuma nake da damuwa mafi girma. Fayil na takarda in ya ɓata, na mutum ɗaya ne. Kwamfuta in ta mutu ba a yi ajiya a wani wuri ba, na kowa ne ya tafi. Na taɓa aiki a wani wuri da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone na'urar da ke riƙe da bayanai, hotunan fiye da shekara guda suka salwanta, saboda ba wanda aka ɗora wa alhakin kwafe su. Tun daga ranar ban yarda da ajiya wuri ɗaya ba.

Sannan ga amana. Bakin mutum sirrinsa ne. Raina yana ɓaci idan na ga an ɗora hoton bakin mace a Instagram ko TikTok, "kafin aiki da bayan aiki", har da rabin fuskarta da mayafinta, ko an ɗauki bidiyon yaro yana kuka a kujera don talla. A Kano, inda kowa ya san kowa, wushirya da ɗan tabo a leɓe sun isa a gane 'yar gidan wane ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin mara lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ko babu doka, addini da tarbiyya sun hana. Idan aka ɗauki hoton Hajiya da wayar wani ma'aikaci, kana da damar tambayar ina za a kai shi, kana kuma da damar cewa ba ka yarda a wallafa ba.

Akwai manyan na'urori da ƙila za ka ji ana ambata, bari in taɓa su a gurguje. Mai son haƙorin roba ko hular haƙori, a al'ada ana cika masa baki da wani kwaɓi a faranti a ɗauki gwaji. Kwaɓin nan in ya sha iska yana ƙanƙancewa, kuma da hunturu a Kano, kafin ɗan aike ya ratsa cunkoso ya kai shi wurin masu haɗawa, awon ya sauya, hula ta zo ta ƙi zama. Yanzu akwai sikana da ake zagaya haƙora da ita, siffarsu ta fito a kwamfuta, a tura ta intanet ko'ina, can injin ya sassaƙa ko ya buga haƙorin. Tushen wannan fasaha na'urar CEREC ce, wadda Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙirƙira a Jami'ar Zurich, aka fara amfani da ita a kan mara lafiya a 1985. Akwai kuma babban hoto mai zagaya kai da muke kira OPG, mai nuna muƙamuƙi gaba ɗaya, da CBCT mai nuna ƙashi ta kowace fuska. Wannan na ƙarshen yana da amfani ƙwarai wajen dashen haƙori, ko turmin hankali da ya kwanta kusa da jijiya, ko ƙari a muƙamuƙi, irin ayyukan da ake turawa manyan wurare kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero ke samun horo. Amma haskensa ya ninka na ƙaramin hoto sau da yawa, kuɗinsa ma haka, kuma ciwon haƙori na yau da kullum ba ya buƙatarsa.

Ana kuma ta zancen ƙirƙirarriyar basira. Gaskiya ne akwai manhajojin da ke duba hoton eksire su zagaye inda suke zaton kogo ne ko zaizayar ƙashi, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wasu a 2021 da 2022. Suna taimakawa kamar abokin aiki da ke leƙowa ta kafaɗarka ya ce "duba nan". Amma sukan zagaye inuwar da ba komai ba ce, kuma ba su san Hajiya ba, ba su san tana da suga ba, ba su san daga Rano ta zo kuma ba za ta iya zuwa sau huɗu ba. Hukunci na likita ne, alhakin ma nasa ne.

Ita intanet ɗin, yadda take kawo mana ilimi haka take kawo mana marasa lafiya. Ni da kaina na ƙaru da ita: laccocin da a da sai ka je Ibadan ko Ingila, yanzu ina kallonsu bayan na tashi daga aiki, kuma hoto mai rikitarwa nakan tura wa ƙwararre, bayan na cire suna, mu yi shawara. Amma a mako guda nakan ga 'yan mata da suka goge haƙora da lemon tsami da bakar hoda don su yi fari, saboda sun gani a bidiyo. Tsamin yana cinye fatar haƙori, kuma fatar nan ba ta sake tsirowa. Da farko a ga haske, daga baya ruwan sanyi ya gagara sha, haƙorin ma ya ƙara ja saboda na cikin ya bayyana. Ga wayar haƙori ta ado da ake liƙa wa amare a shagunan kwalliya. Wayar ba ta san ado aka sa ta ba, jan haƙora take yi, kuma ba tare da lissafi ba. Ga masu sayar da ruwan "maganin kogo" a Facebook, alhali rami in ya riga ya buɗe babu abin sha ko na kurkure da ke rufe shi. Waɗannan sun zo sun tarar da tsofaffin da muke fama da su, irin ɗiga ruwan batir ko danna asfirin a jikin dasashi, wanda ke ƙone naman wurin. Duk wanda ya kira kansa likitan haƙori a intanet, dole ya kasance yana da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, MDCN, kuma ba laifi ba ne ka nemi ganin lasisinsa.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne asalin tambayarka. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da canjin dala ya yi wa kaya. Ɗan farantin nan da aka sa wa Hajiya daga waje ake shigo da shi, in ya faɗi ƙasa ko wayarsa ta karye, ba abin da za a kai kasuwar waya ta Farm Centre a gyara ba ne, sai sabo. Ana buƙatar sola da inbata ko janareta don kada wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, ana buƙatar sanyaya ɗaki saboda zafi, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Duk wannan yana hawa kan kuɗin da ka biya, kuma halas ne matuƙar an yi amfani da kayan don amfanin mara lafiya. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai inda allon ado ne kawai, an kafa shi don a burge mai shigowa. Kuma akwai likitoci a asibitocin gwamnati da ƙananan wurare, da fim da fayil na takarda, da aikin hannunsu ya fi na masu kayan zamani nesa ba kusa ba. Araha ba ta nuna rashin iyawa, tsada ba ta nuna ƙwarewa.

In za ka auna wuri, na'urar da zan so ka fara tambaya ba ta da allo ma. Ita ce tukunyar tururi da ake dafa kayan aiki a ciki, a zafin da ya kai digiri 121 ko 134, don kashe ƙwayoyin ciwon hanta da sauransu. Ka lura ko a gabanku ake yage ledar kayan aiki, ko ana sauya safar hannu, ko allura sabuwa ce. Shi kansa ɗan farantin hoton ba ya shiga tukunya, don haka dole a sa masa sabuwar riga ta leda ga kowane mutum. Bayan wannan sai ka duba ko likita ya tambayi tarihin lafiyarta kafin ya taɓa ta, ko ya nuna maka abin da ya gani, ko ya faɗa maka zaɓin da ake da shi da kuɗin kowanne kafin a fara.

Game da Hajiya, ka roƙe su su turo maka hoton eksirenta a wayarka ka adana, domin ko wani asibitin kuka je ba sai an sake haska ta ba. In za ku koma, ku zo da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya. Idan cire haƙorin aka yi, kada ta kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, daga washegari ta riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Ka karɓi lambar asibitin ka ba ƙanenka. In ya ga kumburi yana ƙaruwa, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ya ɗauki hoto a wuri mai haske, ɗaya na fuska ta gaba, ɗaya ta gefe, ɗaya na cikin baki, ya tura, sannan ya kira. In kuwa haɗiya ko numfashi ya fara yi mata wuya, kada ya tsaya ɗaukar hoto, ya nemi mota.